Addu'ar Hawa da Bakin Akawal



Shekara tara ke nan ina karantar da yara a wata Islamiyya a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma babu zangon da ba na biya musu addu'ar hawa abin hawa daga Hisnul Muslim. Asalinta aya ta 13 da ta 14 ce ta Suratuz Zukhruf: bawa ya tsarkake Wanda ya hore masa abin da ya hau, ya yi iƙirarin cewa ba da ƙarfinsa ya mallake shi ba, sannan ya tuna makoma. Na san nahawunta tun ina jami'a. Nakan karanta ta a adaidaita sahu daga Tarauni zuwa makaranta, sau da yawa hankalina yana kan canjin da direba zai ba ni.

A bazarar 2022 muka tafi Maraɗi a mota ni da wani abokina, ta'aziyyar kawunsa. Muka bi ta Katsina da Jibiya, muka tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, muka sauka a wani ƙauye kusa da tafkin Madarumfa. Motarmu ta samu matsala, aka ce sai an kawo kayan gyara daga Maraɗi washegari. Da la'asar wani dattijo maƙwabcin gidan ya ga ina ta kallon akawal ɗinsa a turke, sai ya ce, "Malam, ko za ka taɓa?"

Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Ni Bakano ne, na tashi ina kallon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, amma ƙafata ba ta taɓa shiga likkafa ba. Na ce, "To, Baba," kamar wanda ya saba.

Jikansa, yaron da bai wuce sa'an 'yan aji huɗu na makarantarmu ba, ya ɗaura sirdi ya ja majayi, ya riƙe mini ragama har muka fita bayan gari. Gonaki an yi sharar su ana jiran ruwa, gawo nan da can, shanu suna komowa daga tafki. Dokin yana tafiya a natse, ni kuma girman kai ya fara shiga ta. Na ce wa yaron ya saki.

Ba mu yi nisa ba wani babur ya ɓullo daga bayan shinge. Akawal ya zabura. Abin da na tuna shi ne ƙasa tana gudu a ƙarƙashina, hulata ta tafi, likkafa ɗaya ta suɓuce. A lokacin ne na tuna ban karanta addu'ar ba sam, ni da nake tsayar da yaro a gaban aji idan ya manta ta. Na damƙi linzami da hannu biyu na fizga iya ƙarfina, na sake fizga, har ya tsaya yana rawar jiki.

Da muka komo, dattijon bai dube ni ba. Bakin dokin ya buɗe. Linzamin gargajiya yana da ƙarfe mai danna dasashi, ɗan taɓawa kaɗan ya ishe shi, kuma ga jini yana bin kumfa. Ya ce, "Malam, dokin ga tsoro ya ji, kamar yadda ka ji. Mi ya yi maka?"

Na rasa amsa. Na karantar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ya fi a ƙirga, ga shi na yi wa dabbar mutum rauni don kawai na kasa cewa ban iya ba. Na ciro jaka biyu na sefa don magani, ya ƙi karɓa. Ya ce in dai ina son yin wani abu, in riƙe masa ƙwarya. Haka na tsaya riƙe da ruwan gishiri yana wanke bakin har aka kira magariba, sannan ya matsa lamba sai ni zan ja su salla, wai ni ne malami. Ban taɓa jin nauyin limanci irin na ranar ba.

Da na dawo Kano, ranar Asabar ɗin farko, na ba 'yan ajina labarin duka, har da hular. Suka yi dariya sosai. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to dokin ya warke?" Na ce ban sani ba. A daren na nemi abokina ya buga waya ƙauyen, aka ce ya fara cin dusa, amma ba a sa masa linzami ba tukuna.