Hawan Kibo a kan keke, da ƙwayar da ke cikin aljihu

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Abuja ya san Hawan Kibo, gangaren nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da direbobin tirela ke shakka. Yanzu masu motsa jiki da keke ma sun gano shi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka tafiya daga can zuwa magangarar ruwa ta Assop, wajen kilomita 60, tana ƙarewa da doguwar sauka. Wahalar tana wajen dawowa. Sai a tarar da hawan bayan rana ta take, jiki ya riga ya zubar da gumi, ga shi ƙasan tudun ya fi Jos zafi.

A watan jiya ƙungiyar masu keke da ƙanena yake ciki ta yi wannan tafiya. Ni aka damƙa wa akwatin magani, na bi su a motar rakiya. Sun tashi bayan sallar asuba, suka bi ta Bukuru da Riyom, kowa da hular kwano. Ka'idarsu ɗaya ta burge ni: ba a barin kowa a baya, duk mai sauri sai ya jira na ƙarshe.

Da aka huta a Assop, ana shirin juyowa, sai na ga wani dattijo daga cikinsu ya ciro diclofenac guda biyu, wai gwiwa ce ta dame shi. Na ce, “Baba, wane magani kake sha kullum?” Ya ce, “'Yata, na hawan jini ne kawai.” Da ya nuna mini, lisinopril ne haɗe da maganin sa fitsari.

Ƙoda tana bukatar jini ya riƙa ratsa ta sosai kafin ta iya tace shi. Gumi yana rage ruwan jiki, maganin sa fitsari yana ƙara ragewa. Lisinopril yana sassauta matsin da ƙoda ke tacewa da shi, su kuma diclofenac da ibuprofen suna tsuke hanyar da jini ke shiga cikinta. Idan suka haɗu a jikin da ya bushe, ƙoda na iya samun rauni farat ɗaya, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai sai fitsari ya ragu, ƙafa ta fara kumbura.

Na roƙe shi ya mayar da ƙwayar aljihu. Na ba shi paracetamol, na dama masa ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari a ruwa lita ɗaya, ya ci dabino da ayaba. Bai ji daɗin maganata ba, domin yana ganin an raina ƙarfinsa a gaban yara. Ya hau rabin tudun, gwiwar ta ƙi, ya yarda aka ɗora kekensa a mota. Da suka isa sama, samarin suka tsaya har motarmu ta iso, sannan aka ƙarasa gida tare bayan la'asar.

Uwargida, idan maigida ko yaronki ya shiga irin wannan ƙungiya, ki ƙarfafa masa gwiwa, domin keke yana gyara zuciya, yana taimakawa wajen hawan jini da sukari. Amma ki leƙa jakarsa kafin ya fita. A samu ruwa isasshe, da gishiri da sukari, da abin taɓawa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara tuntuɓar likita ko mai harhaɗa magunguna, kada kuma ya daina maganinsa da kansa. Idan ya dawo fitsarinsa ya yi kaɗan ko ya yi duhu har washegari duk da shan ruwa, a tafi asibiti a duba ƙodarsa.

Allah ya ƙara mana lafiya.