Matakalar Da Fim Ya Mayar Tauraruwa A Tokyo

A unguwar Yotsuya da ke cikin birnin Tokyo na ƙasar Japan akwai wata matakala mai ƙarfen dafawa da aka shafa wa jan fenti. In ka gan ta, ba wani abin a zo a gani ba ce. Gidajen mutane ne a gefe, ga wayoyin lantarki a sama, a can ƙarshenta kuma wurin bautar Suga ne na mabiya addinin Shinto. To amma kusan kullum sai ka tarar da samari da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban sun yi cirko-cirko da wayoyinsu, wani na hawa wata na sauka, abokinsu na ɗaukar hoto.

Me ya kawo su? Fim ne, kuma fim ɗin ma na zane, irin wanda Japanawa ke kira anime. A 2016 darakta Makoto Shinkai ya fitar da Kimi no Na wa, wanda duniya ta fi sani da Your Name. A kan wannan matakala ce jarumin, Taki, da jarumar, Mitsuha, suka haɗu a sin ɗin ƙarshe bayan shekaru suna neman juna. Duk wanda ya kalla ya san yadda wurin nan ke sa mutum ƙwalla.

Mai karatu zai ce, to fim ɗin zane ina ruwansa da lokeshin? Ai nan gizo ke saƙar. Masu zanen kan fita su ɗauko hotunan tituna da tashoshi na gaske, sannan su zauna su zana su daki-daki, har allon kan hanya da inuwar gini. Shi ya sa ɗan kallo zai iya tsayawa daidai inda tauraronsa ya tsaya, alhali tauraron bai taɓa rayuwa ba. Japanawa na kiran wannan yawo seichi junrei, wato ziyarar wurare masu alfarma.

Daga Tokyo wasu kan hau jirgin ƙasa zuwa garin Hida da ke lardin Gifu, domin ganin tashar Hida-Furukawa inda Taki ya sauka neman Mitsuha. Mutanen garin sun karɓi baƙin hannu biyu-biyu. Hatta laburaren garin, wanda shi ma ya fito a fim ɗin, ya amince a ɗauki hoto a ciki in an nemi izini wajen ma'aikata.

Harkar akwai samu. Wurin bautar Washinomiya a lardin Saitama ya karɓi baƙin sabuwar shekara kimanin 130,000 a 2007. Da fim ɗin talabijin mai suna Lucky Star ya nuna shi, sai adadin ya kai wajen 300,000 a 2008. Masu shaguna da masu abinci suka dara.

Sai dai fa ba ko'ina ake dariya ba. A garin Kamakura, kudu da Tokyo, akwai wata mahaɗar titi da layin dogo kusa da tashar Kamakura-Koko-Mae, teku na bayanta. Nan aka zana jarumi Sakuragi tsaye da jaka a kafaɗa a waƙar buɗe Slam Dunk, fim ɗin ƙwallon kwando da aka fara nunawa a 1993. Bayan fitowar sabon fim ɗinsa a 2022, cunkoson ya ƙaru. Wasu su tsaya tsakiyar titi suna jiran jirgi ya gifta, wasu su zubar da shara, wasu ma su kutsa harabar gidajen mutane. Dole hukuma ta zuba masu gadi suna kora jama'a gefe.

Abin da ɗan kallo kan manta shi ne, wurin da yake wa kallon sin ɗin fim, hanyar makarantar wani yaro ce, kuma ƙofar gidan wata tsohuwa ce. Ba su aka ɗauka aikin fim ba, ba a kuma biya su kuɗin lokeshin ba. Don haka duk wanda Allah Ya kai shi Yotsuya, ya hau matakalar, ya ɗauki hotonsa, ya rage murya, sannan ya matsa gefe mai gida ya wuce da cefanensa.