Ƙauyukan Kwali: Inda Kwalta Ta Ƙare, Sai Mai Ƙafa Huɗu

Duk wanda ya taso daga Abuja ya nufi Lakwaja, in ya wuce Gwagwalada da Sheda, to, Kwali ce zai tarar a gabansa. Galibin matafiya ta tagar mota kurum suka san ta: masu sayar da doya a bakin titi, sai kuma sunan Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Amma wannan titi ɗan siririn zare ne a tsakiyar ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,206, wadda ƙidayar 2006 ta sami mutane wajen 86,000 a cikinta. Da yawa daga cikinsu ba a bakin titi suke ba. Suna can ciki, waɗansu a yamma ta wajen kogin Gurara, kamar su Pai da Dafa da Ashara, waɗansu kuwa a tsakanin duwatsu da kurmi ta wajen iyaka da Kuje, kamar Yebu da ƙauyukanta.

Da rani ba a cika jin kukan kowa ba. Ƙura ce da gargada, ko tsohuwar tasi ta daure ta kai mutum. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ne hanya kan nuna halinta. Ruwan da ya zuba bisa duwatsu ba ya tsayawa, sai ya gangaro ya mai da hanyar burji magudanarsa, ya yanka ta gida biyu, ya kwashe ƙasar da ke jikin kwalbati ya bar siminti tsirara. Rafin da yara ke tsallakewa da safe, kafin la'asar ya kai wa babban mutum ƙugu. A wannan lokaci ƙaramar mota ba ta da magana. Sai babur, sai a-kori-kura mai tsayi, sai kuwa wadda injinta ke jan ƙafafu huɗu gaba ɗaya.

Asirin irin wannan mota ba wani mai zurfi ba ne. Motar gida ƙafa biyu ke tura ta, in suka faɗa taɓo sai su yi ta juyawa a banza. Ita kuwa wannan tana da wani ƙaramin akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfin inji gaba da baya, kana yana da giyar da ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, har mota ta hau dutse tana tafiyar hawainiya. Bugu da ƙari cikinta ya yi nisa da ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne babba, domin abin da ya fi kafe mota a hanyar ƙauye shi ne tudun da ke tsakanin ramukan da manyan motoci suka haƙa da tayoyinsu. Da zarar cikin mota ya zauna a kansa, ko ƙafa goma gare ta sai an fito da shebur.

Saboda haka direban kirki ba ya barin tasha sai da shebur da adda da igiya da jak da 'yan katakai. In aka iso bakin rafi ba ya afkawa. Yaron mota ne zai naɗe wando ya shiga da sanda, ya auna zurfi, ya taka ƙasa ya ji ko yashi ne ko dutse. In ruwa na ja, sai a kashe mota a zauna, ko da za a yi sa'a uku, gama ruwan dutse yadda ya zo da sauri haka yake janyewa. Wanda ya yi gaggawa har inji ya shaƙi ruwa, to, ya sayi kwanan daji. A wurin hawa kuma maza kan sauka, yaro na biye da waigi a hannu, ko da mota za ta ja da baya. Fasinja a nan ya biya kuɗin mota, ya kuma biya da ƙarfinsa, ba ya ko ƙorafi.

Gaskiya dai duwatsun Kwali ba su kai a kira su tsaunuka a gaban na Mambila ba. Can a Jihar Taraba, inda ƙasa ta ɗaga sama da mita 1,500, tsofaffin Land Rover ne suka daɗe suna haɗa Gembu da ƙauyuka, ɗauke da masara da mutane har bisa rufi. A Ingila aka fara ƙera wannan mota cikin 1948, da ita Di'o da malaman safiyo da likitocin dabbobi suka yi ta rangadi a Jihar Arewa, an kuma daina ƙera tsohon samfurinta cikin 2016, amma makanikan Gembu ba su yarda ta mutu ba. A Kwali Hilux ce ta gaje ta. Sai dai akwai bambanci guda. A Mambila motar ta haya ce, talaka na shiga. A nan kuwa mai ƙafa huɗu galibi ta hukuma ce, ko ta ɗan siyasa, ko ta ɗan kwangila.

Nan fa gizo ke saƙa. Ba wanda zai musa amfaninta: da ita ake kai akwatin zaɓe, da ita ma'aikatan lafiya suka riƙa kai allurar riga-kafi cikin ƙanƙara, in ta tsaya a hau babur, in babur ya gaza a taka, har aka tabbatar cikin 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Amma motar da ta kawo baƙo da hantsi, da shi take komawa kafin magariba, balle a 'yan shekarun nan da masu satar mutane suka sa kowa na gudun dare ya yi masa a daji. In naƙuda ta zo wa mace da gardama bayan isha'i, ba ta nan. Babur za a nema, a sa ta a tsakiya, wani ya riƙe ta ta baya, a doshi asibitin Kwali ko na Gwagwalada, in rafi ya ba da hanya.

Manomi ma haka. Gwari da Ganagana da Bassa na wannan yanki manoman doya ne na gaske, ga dawa da riɗi da agushi. To, amma doyar da ba ta da hanyar fita ba mai ita ke yanka mata kuɗi ba. Falken da ya iya shigo da mota shi ke faɗin abin da zai biya, ya kuma cire ladan wahalar hanya daga ciki. Wadda ta ƙi sayarwa sai ta ɗora kaya a kafaɗa, yadda matan Gwari suka saba maimakon a ka, ta taka zuwa bakin titi. Kafaɗar nan ce ta riƙa fito da tukwanen Kwali zuwa kasuwa tun kafin Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, inda Ladi ta shiga cikin 1954. Tukwanenta sun isa Landan kafin 1960. Waɗansu ƙauyukan ƙasarta kuwa har Janar Murtala Muhammed ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni cikin Fabrairun 1976, har aka yi wa Kwali ƙaramar hukumarta cikin 1996, ba su ga kwalta ba.

Akwai ma abin da ya kamata a lura da shi. Babban ma'aikacin da ya je ƙauye cikin mota mai sanyi, ya ɗan sha girgiza ya komo lafiya, zai iya rubutawa cikin rahotonsa cewa hanya tana biyuwa. Bai yi ƙarya ba. A gare shi ta biyu. Ƙarfin motarsa ne ya ɓoye masa lalacewar hanyar, mutanen da suka tarye shi da ganguna kuma kunya ta hana su ce ya sauka ya gwada da ƙafa.

An dai fara motsi. Cikin 2025 an buɗe titin kilomita 11 daga Yangoji zuwa Sukuku da Ebo, da kuma na kilomita 15 daga babban titin Lakwaja zuwa garin Pai. Inda kwalta ta isa, ƙananan motocin haya sun bi ta, fatake sun yawaita, manomi ya sami bakin yin ciniki. Masu babura da tsofaffin a-kori-kura kuwa ba su rasa aiki ba. Sun dai matsa zuwa inda sabon titi ya tsaya, nan suke jiran fasinjan ƙauyukan da ke bayan dutse, shebur da igiya na ɗaure a bayan mota.