Tsirkiyar Kawu

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, wani abin kunya ne ya same ni a Kwangila, na ga ya kamata in faɗa muku, ko wani ya tsira daga irinsa.

Kawuna makaɗin kukuma ne. Tun da mahaifina ya rasu shi ya riƙe ni, kuma da kuɗin kiɗan nan ya biya mini makaranta har na shigo jami'a. Yakan zauna kusa da tashar mota a Kwangila, inda hanyar Kano da ta Sakkwato da ta Kaduna suka haɗu, yana yi wa direbobi da fasinjoji kiɗa. Duk mai fitowa daga Samaru zuwa Tudun Wada ta nan zai bi. Ran nan muka sauka da abokaina don canjin mota, na hango shi, shi ma ya hango ni. Sai na kau da kai, don kada a ce ga ɗan gidan maroƙa. Bai kira ni ba. Ya ci gaba da kiɗansa.

Bayan mako biyu muka shiga ɗakin gwaje-gwaje na Fiziks. Malam ya ɗaure zare a jikin wani ƙarfe mai kaɗawa, ya rataya nauyi a ɗaya bakin. Da ya kunna, sai zaren ya kumbura ya yi ciki guda. Ya rage nauyin, sai ciki ya zama biyu, da wani wuri a tsakiya wanda ko motsi ba ya yi. Ya ce wani Bajamushe, Franz Melde, shi ya fara wannan gwaji wajen 1860.

Ga yadda abin yake. In ka ɗaure igiyar guga a jikin turke ka girgiza bakinta, za ka ga motsi ya bi ta kamar taguwar ruwa. In ya isa turke ba shi da wurin wucewa, sai ya juyo a kife. To, mai dawowa sai ya gamu da mai tafiya. A wasu wurare ɗaya na ɗagawa ɗaya na dannewa, sai su kashe juna, igiya ta tsaya cik; wannan shi ne ƙulli. A tsakanin ƙulli da ƙulli kuwa sai su haɗa ƙarfi, igiya ta yi ciki. Da yake ƙullin da cikin ba sa gusawa, sai ake kiranta tsayayyiyar taguwa.

Tun da bakin tsirkiya biyu a ɗaure suke, dole su zama ƙulli. Saboda haka ba kowace taguwa ke samun zama ba, sai wadda ta yi ciki ɗaya cif, ko biyu, ko uku. A ce mai ciki ɗaya tana kaɗawa sau 200 a daƙiƙa, to mai biyu 400 za ta yi, mai uku 600. Dukkansu a lokaci guda suke tashi, kuma gaurayarsu ce ke sa kunne ya bambanta kukuma da garaya. In aka rage tsawon tsirkiya da rabi, kaɗawa ta ninka, murya ta yi sama. In kuma ana so ta ninka ta hanyar ɗaurewa, sai an ja ta da ƙarfi ninki huɗu. Wani Bafaranshe, Marin Mersenne, ya rubuta waɗannan ƙa'idoji a 1636, kuma tun kafin shi Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya yi lissafin tsirkiya a babban littafinsa na kiɗa.

Malam na bayani, ni kuwa hannun Kawu nake gani. Ashe jakin da ke kan fatar kukuma ƙulli ne, yatsansa kuma shi ne ɗaya ƙullin, yana matsar da shi yadda ya so. Ƙaron da yake goga wa izga shi ke sa ta kama tsirkiya ta saki, ta kama ta saki, don kada motsi ya mutu. Haka marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Ran Asabar na tafi Kwangila na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Kawu, ku ɗan taɓa tsakiyar tsirkiyar nan kaɗan, kada ku danne, ku goga." Ya yi murmushi ya taɓa, sai wata siririyar murya ta fito. Na ce ai mai ciki biyu ke nan, a makaranta aka koya mana. Ya ce, "Ɗana, wannan tun ba a haife ka ba nake yin ta. Ashe har jami'a ta kai?" Bai ta da maganar ran nan ba, ni ne na ta da ita na roƙi gafara. Ya ce wa ya ga laifin yaro.

Lissafin na iya, amma har yau in na goga kukumar nan sai ka ce ana yanka akuya. Shi kuma bai san Mersenne ba. Na yi masa alkawarin kawo abokan nan nawa su gaishe shi, mu zo da ma'auni mu auna tsirkiyarsa. Duk mai sha'awa cikin 'yan ƙungiya, ƙofa a buɗe take. Allah ya sa mu gane. Wassalam.