Kukan Uwa A Kan Takarda

Maganar da nake so mu yi a nan ita ce ta littattafan nan masu sa kuka, waɗanda ake mutuwa a cikinsu, ko yaro ya ɓata, ko a raba uwa da abin da ta haifa. Da muna 'yan mata su muke rububi. A karɓo haya, a ƙule a ɗaka, a sha kuka a share hawaye, a fito a ci tuwo hankali kwance, har a yi wa ƙawa talla, "Ke wallahi ki karanta, sai kin yi kuka." Kukan nan har daɗi gare shi, don ba namu ba ne, aro muka yi. To amma daga ranar da mace ta haihu aka miƙo mata jariri ta ɗora a cinya, karatun nan ya sake, kuma ba ya komawa yadda yake a da.

Bari in ba ki misali da Shaihu Umar, littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fara fitowa a 1934, tun kafin ya zama Firayim Minista da shekaru masu yawa. A makaranta na fara karanta shi. Abin da ya zauna mini a ka lokacin shi ne kurar da ta cinye mutumin da ya sace Umar, da Balarabe Abdulkarim da ya tafi da shi Ber Kufa ya ba shi ilimi, da guguwar rairayi da ta binne ayari. Uwar kuwa ban ko kula da ita ba. Sai da na sake ɗaukarsa ina da 'ya'ya uku, wallahi na kasa wuce Fatika.

Ki duba abin da ya raba su. An yi wa mijinta Makau sharri a fada, aka kore shi daga Kagara. Ita kuma ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun mutane. Shi ke nan fa. Yanzu don Allah wace ce a cikinmu ba ta taɓa barin ɗanta wajen maƙwabciya ko kishiya ta tafi unguwa ba? Barka, awo, gidan biki, "ga shi nan, yanzu zan dawo." Nan ne gabana ya faɗi, na ajiye littafin na leƙa tsakar gida ina ƙirga kawuna.

Daga nan baiwar Allah ta bazama neman ɗanta. Wanda ta amince da shi ya yaudare ta, ta faɗa bauta, aka ƙetare hamada da ita. Ba ta sake sa shi a ido ba sai a Tarabulus, ya zama babban mutum, kuma ba ta daɗe ba bayan haɗuwar rai ya yi halinsa. Marubucin bai ja zancen ba, a taƙaice ya ba da shi ta bakin Umar. Sauran kuwa uwa ce take cikawa da kanta in tana karatu. Ni ce nake tambaya, daren farko ina ta sa kanta? In ta ga ɗan wani ana ba shi abinci me take ji? Wa ya yi jinyarsa da aka yi masa kaciya? In masassara ta kama shi da dare wa yake taɓa goshinsa? Duk babu wannan a takarda, amma shi ya hana ni barci.

Wata za ta ce to don me za ki ja wa kanki? Duniya ma ta ishe mu. Wata ma cewa take irin wannan karatun mugun fata ne. A'a 'yar uwa, ajali ba ya zuwa don an karanta labari. Ni abin da na lura da shi daban ne. Mu matan Hausawa an yi mana tarbiyyar haɗiye kuka. Ɗan fari ko sunansa ba kya kira, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya rasu ma kunyar ba ta sake ki ba. Jariri ya koma, maza su ɗauka su tafi, ke kina ɗaka, mata na shigowa: "Sai haƙuri, Allah Ya sa mai ceto ne, ke yarinya ce, Allah zai ba da wani." Addu'a ce mai kyau, kuma gaskiya ce. Amma kwana uku an watse, ki tashi ki hura wuta, nono na zuba a rigarki. Iyayenmu da suka yi wabi suna raɗa wa ɗa Ajuji ko Ayashe, suna nuna kamar ba su damu da shi ba ko mutuwa za ta ƙyale shi, kina jin ba su damu ba ne? To ina hawayen nan suke tafiya?

Littafi wuri ne da ba mai ce miki ba ki da kunya. Ki yi kuka, in an tambaye ki ki ce labari ne. Na san da yawanmu sun yi wa Ekwefi kuka, matar nan ta littafin Chinua Achebe na 1958 da ta haifi goma tara suka mutu, alhali nasu suke yi wa. Kuma addini bai hana hawaye ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yaga tufafi da maganganun saɓo aka hana.

Sai dai ni ma ina da iyaka. Ba na karanta irinsu in yaro ba shi da lafiya a gidan, ko ina da tsohon ciki, ko ina jego. Kuma akwai waɗanda nake rufewa tun ban kai rabi ba, na marubutan da suke kashe yaro kamar an yanka kaza, don kawai a sami laifin da za a ɗora wa kishiya, ko a share wa masoya hanya su yi aure. A shafi na gaba sai ki ga uwar ta ci kwalliya tana dariya. Haba! Wannan marubucin bai taɓa zama kusa da wadda ta rasa ɗa ba.

Akwai wata maƙwabciyata, ƙanwa take a wajena. Ɗanta na fari aka kai karatun allo wani gari, ya yi ciwon kwana biyu ya rasu, sai bayan an rufe shi labari ya iso gida. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Bayan kamar shekara ta ga Shaihu Umar a kan gadona ta ce, "Yaya, ara mini." Na ce, "Anya kuwa? Da nauyi fa." Ta ce ta sani, ta karanta a makaranta. Na ba ta jikina a sanyaye.

Sati biyu ta dawo da shi, ta sa masa bango da takardar kalanda. Ta zauna bakin ƙofa tana taya ni tsintar shinkafa, ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da aka kira la'asar ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce, "Yaya, ita dai ta gan shi kafin ta mutu."