Likitar da Ba Ta Yi Mini Allura Ba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, domin a nan Barkiya idan aka ji ka je ganin likitan ƙwaƙwalwa, kafin ka sauko daga mota labari ya riga ka gida cewa wane ya taɓu.

Daren da 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye kusa da mu, ni da ƙannena biyu a cikin dawa muka kwana. Babu wanda aka taɓa a gidanmu, mun gode wa Ubangiji. Amma daga ranar barci ya ƙaurace mini. Da na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi, gumi ya karyo mini. Na daina zuwa gona, na daina shiga Dutsin-Ma, har koyon waƙa na yamma na bari. Na yi azumi, na yi addu'a. Wani ɗan'uwa ya ce bangaskiyata ce ta yi sanyi, maganar kuwa ta fi ƙarar babur yi mini ciwo. Baba Fasto ne ya ce, "Ɗana, da ƙafarka ce ta karye, addu'a za mu yi, mu kuma kai ka wurin mai ɗori."

Haka na sami kaina a wani asibiti a Katsina, gaban wata mata mai ilimin halayyar ɗan Adam. Na zaci allura za a yi mini. Ta bayyana cewa likitan taɓin hankali shi ke rubuta magani, irin waɗanda ake samu a asibitin Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, ita kuwa da magana take aiki. Ta ce abin da na faɗa ba zai fita daga ɗakin ba, sai idan raina ko na wani yana cikin haɗari. Ranar farko tambayoyi kawai ta yi ta saurara. Ba ta ce mini "ka yi haƙuri" ba ko sau ɗaya, abin da kowa ke ce mini wata uku.

Da numfashi muka fara. In shaƙi iska a hankali ina ƙirga huɗu, in fitar ina ƙirga shida. Idan tsoro ya taso, in ambaci abubuwa biyar da idona ke gani a lokacin, don jikina ya gane ba a cikin dawa nake ba. Na raina abin, gaskiya, sai da ya yi mini aiki cikin mota a hanyar dawowa.

Daga nan ta sa na sayi littafin rubutu. Duk lokacin da gabana ya faɗi, in rubuta abin da ya faru, abin da na gaya wa kaina, da yadda na ji a jiki. A ganawa ta gaba sai mu ɗauki tunanin mu yi masa shari'a. Na rubuta cewa duk babur na dare nasu ne. Ta tambaye ni babura nawa na ji a makon. Goma sha ɗaya. Nawa ne nasu? Babu. Ba ta ce hatsari ya ƙare ba, ita ma ta san halin da Kurfi, Safana da Batsari suke ciki. Abin da take so in rarrabe shi ne taka-tsantsan da tsoron da ya mai da ni fursuna a ɗaki. Wannan hanya ta gwada tunani da hujja wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ne ya tsara ta a shekarun 1960.

Mafi wuya shi ne komawa ga abin da nake gudu, mataki mataki. Na farko, in zauna a ƙofar gida da rana ina jin babura har bugun zuciyata ya lafa da kansa. Sannan in hau bayan babur ɗin ƙanena. Sannan bakin gona, da rana, tare da mutane. Na ba ta labarin daren nan daga farko har ƙarshe sau da yawa, har na iya faɗa ba tare da muryata ta shaƙe ba.

Musulma ce, amma da ta tambayi abin da ke ƙarfafa ni na ce Zabura, sai ta ce in riƙa karantawa kafin kwanciya maimakon duba hotunan hare-hare a Facebook. A makonnin ne na sake karanta 1 Sarakuna 19. Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba: abinci, ruwa da barci ya fara ba shi. A Horeb ya yi masa tambaya ya saurara. Iliya yana ganin shi kaɗai ya rage, sai Allah ya ba shi lissafi, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Na tuna da baburana goma sha ɗaya, na yi dariya ni kaɗai.

Ganawa goma muka yi, kuɗin mota kuwa zumuntar mata ce ta taimaka da rabi. Har yanzu akwai daren da nake farkawa in fara ƙirga numfashi. Ranar Asabar da ta wuce ni na kai taki gona a bayan babur, ƙanena yana tuƙi.