Santsin Cikin Jarka

Duk mu masu ajiye ruwa a jarka mun san santsin nan da ke mannewa daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Mukan zuba tsakuwa da omo mu jijjiga, bayan 'yan kwanaki ya dawo. Datti muke ce masa, alhali gari ne guda: ƙwayoyin bakteriya ne suka sauka, suka fitar da yauƙi suka lulluɓe kansu, har maganin da zai kashe su a sarari ya kasa ratsa su.

Na jarka mai sauƙi ne. Idan ya kama robar fitsarin da aka sa wa majinyaci, sabon ciwo yake haifarwa a kan wanda ya kawo mutum asibiti. Mu da muka yi zaman jinya mun ga zazzaɓi ya taso ana shirin sallama.

Shi ya sa masana ke neman shafen da za a yi wa irin wannan roba, siririn rufi na folima, wato sinadarai masu dogon jeri kamar tasbaha. Wani shafen kashewa yake yi: yana ɗauke da cajin lantarki da ke janyo bakteriya ya fasa fatarta. Matsalarsa gawarwaki. Waɗanda ya kashe nan suke kwanciya su rufe shi, na baya su zo su yi shimfiɗa a kansu hankali kwance. Wani kuma, irin PEG, ba ya kisa. Ruwa yake riƙewa a jikinsa har ƙwayar ta rasa wurin kamawa, sai dai da ya ɗan karce ko ya tsufa, wadda ta samu kafa ta zauna ke nan. Yanzu ana ƙoƙarin haɗa biyun, shafe ya kashe kuma ya kakkaɓe gawar.

Mu dai mun fi natsuwa da mai korar, domin an taɓa ganin ƙarshen dogaro da guba. Fentin TBT da ake shafa wa cikin jiragen ruwa ya hana gansakuka da dodon koɗi mannewa sosai, amma ya narke cikin teku ya lalata kawa a gaɓar Faransa. Faransa ta hana ƙananan jirage amfani da shi a 1982, haramcin duniya kuwa bai fara aiki ba sai 2008.